Sani Kaita: Daga Kano Pillars Zuwa Filin Beijing

Sani Haruna Kaita tsohon ɗan wasan ƙwallon ƙafa ne na Najeriya, haifaffen birnin Kano. An haife shi ranar 2 ga Mayu, 1986. Ɗan wasan tsakiya ne mai tare gaban 'yan baya, wato lamba shida, wurin da aikinsa ƙwace ne da toshe hanya. Daga majalisun Fagge har gidajen kallon ƙwallo na Wudil, da an ambaci sunansa jan katin da aka ba shi a gasar cin kofin duniya ta 2010 ake fara tunawa. Wannan rashin adalci ne ga tarihinsa, domin kafin wannan rana ya riga ya buga wa ƙasarsa wasan ƙarshe na duniya har sau biyu.

A Kano Pillars ya fara fitowa, ƙungiyar da aka kafa a 1990, wadda magoya bayanta ke yi wa kirari da Sai Masu Gida. Daga nan koci Samson Siasia ya ɗauke shi cikin Flying Eagles, tawagar 'yan ƙasa da shekara 20, wadda ta tafi gasar matasa ta duniya a ƙasar Holan a 2005.

Tafiyar ba ta fara da daɗi ba. Sun yi canjaras da Brazil babu ci, Koriya ta Kudu ta doke su 2-1, sai da suka lallasa Switzerland 3-0 kafin su fita daga rukuni. Daga nan suka kama hanya. Sun fitar da Yukren da ci ɗaya mai ban haushi, suka haɗu da masu masaukin baƙi aka tashi 1-1, aka je bugun fenareti mai tsawon gaske wanda ya ƙare 10-9. Maroko ta sha 3-0 a wasan kusa da na ƙarshe. A duk wannan, idon 'yan kallo yana kan Mikel Obi da Taye Taiwo, waɗanda suka zo na biyu da na uku a jerin gwarazan gasar. Amma Mikel bai samu sararin raba ƙwallo yadda ya ga dama ba sai don akwai mai share masa baya, kuma Kaita ne ke wannan aikin da ba a cika tafa wa ba.

Ranar 2 ga Yuli, 2005, a birnin Utrecht, aka buga wasan ƙarshe da Ajantina. Wani yaro ɗan shekara 18 mai suna Lionel Messi ya ci fenareti biyu, Chinedu Ogbuke ya rama ɗaya da ka, aka tashi 2-1.

Ƙasar da ya yi gasar a cikinta ita ta riƙe shi. Sparta Rotterdam, wadda aka kafa tun 1888, ta saye shi a wannan shekarar, ya zauna da ita kaka uku ba tare da ya zama ɗan wasan da ake sakawa kowane mako ba. Da rigar ƙasa ya fi haskawa, kuma haka abin ya ci gaba har ƙarshen wasansa.

A 2008 Siasia ya sake kiransa, wannan karon cikin tawagar 'yan ƙasa da shekara 23 da ta tafi wasannin Olamfik a ƙasar Sin. Sun buɗe da canjaras da Holan a Tianjin, suka ci Japan 2-1, suka ci Amurka 2-1 a Beijing. Kwaddebuwa ta faɗi 2-0 a Qinhuangdao. A Shanghai kuwa suka yi wa Beljiyam ruwan ƙwallaye 4-1, wasan da har yau wasu ke cewa shi ne mafi kyawun abin da tawagar Siasia ta taɓa bugawa.

An buga wasan ƙarshe ranar 23 ga Agusta a babban filin Beijing mai siffar sheƙar tsuntsu, gaban mutum fiye da dubu 89. An take wasa da ƙarfe 12 na rana agogon Sin, daidai ƙarfe 5 na asuba a Kano da Wudil, lokacin da ake haramar masallaci. Zafin rana ya kai alƙalin wasa ya tsayar da wasan don 'yan wasa su sha ruwa. Kaita da Ebenezer Ajilore suka riƙe tsakiya, suna fuskantar Riquelme da Mascherano da Gago, kuma kusan awa guda Ajantina ba ta samu ƙofa ba. A minti na 58 Messi ya zura wa Angel Di Maria ƙwallo ta gefen hagu, shi kuma ya ɗaga ta sama da kan gola Ambruse Vanzekin. Najeriya ta dawo da lambar azurfa.

Makonni kaɗan bayan haka Monaco ta gasar Faransa ta saye shi. A takarda ci gaba ne babba, a fili kuwa nan tangal-tangal ta fara. Monaco sai aro take ba da shi: Kuban Krasnodar da Lokomotiv Moscow da Alania Vladikavkaz a Rasha, Metalist Kharkiv a Yukren, sannan Iraklis a Girka. Lamba shida sai ya daɗe da abokan wasansa kafin ya san motsin kowa, wanda kuwa ake canja wa gari duk bayan 'yan watanni ba ya samun wannan damar.

Duk da haka Super Eagles ba ta yar da shi ba. Yana cikin tawagar Shu'aibu Amodu da ta zo ta uku a gasar cin kofin Afirka a Angola a farkon 2010. Lars Lagerback ya tafi da shi gasar cin kofin duniya a Afirka ta Kudu, ya saka shi a wasan farko da Ajantina a Johannesburg. Karo na uku ke nan yana tsayawa gaban Messi, karo na uku kuma Ajantina ta yi nasara da tazarar ƙwallo ɗaya.

Ranar 17 ga Yuni, a Bloemfontein, Najeriya tana gaban Girka da ƙwallon da Kalu Uche ya ci daga bugun tazara. A minti na 33 ƙwallo ta fita jifa, aka yi 'yar turereniya a bakin layi tsakaninsa da Vasilis Torosidis, sai Kaita ya ɗaga ƙafa ya kai masa shuri a cinya. Torosidis ya zube, alƙalin wasa Oscar Ruiz ya zaro jan kati. Kaita ya fita ya rufe kansa da riga. Girka ta farke kafin hutun rabin lokaci, Torosidis ɗin nan kuma ya ci ta biyu, nasararsu ta farko a tarihin gasar. Laifi ne, shi ma ya amsa ya nemi gafarar 'yan Najeriya. Amma abin da ya biyo baya ya wuce gona da iri: jami'an tawagar sun ce saƙonnin barazanar kisa da aka aiko masa sun haura dubu, a kan ɗan shekara 24.

Bayan rabuwa da Monaco ya buga wa Tavriya Simferopol a yankin Kirimiya, sannan Olympiakos Nicosia a tsibirin Saifurus. A 2014 ya dawo gida ya sa rigar Enyimba ta Aba, daga baya ya koma Ifeanyi Ubah ta Nnewi. Shekarunsa na ƙarshe a fili ya yi su ne a Finland, da farko a JS Hercules ta birnin Oulu, sannan a 2017 ya koma RoPS ta Rovaniemi da ke can ƙuryar arewacin ƙasar.