Ƙarfen da Aka Sa a Ƙafar Ƙanina: Wa Ke da Haƙƙin Mallakar Ɗori?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda datarsu ba za ta kai su saurari muryar ba.

Bara ƙanina ya faɗi a kan babur, ƙashin ƙwabrinsa ya karye. Gida ya rabu biyu. Su Hajiya suka ce a kai shi wajen mai ɗori, ni na dage sai asibiti. Da likita ya duba hoton ya ce sai an yi tiyata an sa ƙarfe, ya rubuto mana takarda mu je mu sayo. Ɗan siririn ƙarfe ne mai huji-huji, bai kai tsawon cokali ba, sai sukurorin da za a ɗaure shi da su a jikin ƙashi. Da na ji kuɗinsa wallahi sai da na nemi wurin zama. Tun ranar nake tambayar kaina: wa ya ƙirƙiro wannan abu, kuma wa yake cin kuɗinsa? In wani likita ne ya gano dabarar, shin duk wanda ya yi irin aikin sai ya biya shi?

To, mu koma baya.

A 1886 wani likita a Hamburg ta ƙasar Jamus, Carl Hansmann, ya ba da rahoton yadda yake haɗa karyayyen ƙashi da ƙarfe da sukuru. Nasa sukurorin suna leƙowa waje ta fata, don in ƙashi ya kama a zare su. Daga baya Albin Lambotte a Beljiyam da Arbuthnot Lane a Landan suka ɗora. Shi Lambotte ma da hannunsa yake ƙera kayan aikinsa. Matsalarsu duka ɗaya ce: ƙarfen yana tsatsa a cikin jiki, yana karyewa, ciwo yana ruɓewa. Shi ya sa Lane ya kafa dokar cewa hannu ba ya taɓa cikin rauni, sai dai dogayen kayan aiki. A 1912 William Sherman, likitan ma'aikatan kamfanin ƙarfe na Carnegie a Pittsburgh, ya fito da samfurin da ya fi ƙarfi. Duk da haka likitoci da yawa sun ci gaba da gudun abin, suna ganin filasta da kwanciyar watanni sun fi aminci.

Inda labarin ya juya shi ne ƙasar Suwizalan. A 1950 wani matashin likita, Maurice Müller, ya kai ziyara wajen Robert Danis a Beljiyam, ya ga yadda yake matse bakin karaya da ƙarfe har ƙashi ya haɗe, mara lafiya kuma ya fara motsa gaɓarsa da wuri. A watan Nuwamba 1958, Müller da wasu likitoci, su 13 gaba ɗaya, suka kafa ƙungiyar da ake kira AO a garin Biel. Suka haɗa kai da wani maƙeri mai suna Robert Mathys ya riƙa ƙera musu kayan. Suka sa wa kansu sharaɗin rubuta sakamakon aikin da suka yi, mai kyau da mara kyau. Daga 1960 suka fara koyar da likitoci a garin Davos.

Ga wurin da ya ba ni sha'awa. A 1960 ɗin aka kafa kamfanin Synthes, Müller ya miƙa masa haƙƙin mallakar abubuwan da ya ƙirƙira. Masu ƙera kayan su sayar, su biya wani kaso, kason ya tafi bincike da koyarwa. Wato dabarar aikin a koya wa duk likitan da ya zo, amma ƙarfen da sukurun suna da mai su. Ku riƙe wannan rabon, don shi ne ƙashin bayan zancen namu na yau.

Shi wannan haƙƙin mallakar ƙirƙira, wanda Turawa ke ce wa fatent, ciniki ne tsakaninka da hukuma. Ka bayyana wa duniya sirrin abin da ka gano, ita kuma ta hana kowa kwaikwayonka sai da izininka, yawanci na shekara 20. Bayan nan ya zama na kowa. A kan inji ko magani wannan a fili yake. Rigimar ita ce in abin da ka gano yadda za a yanka fata ne, ko ta wane ɓangare za a murɗa sukuru.

Amurkawa sun daɗe suna wannan dambarwa. William Morton, likitan haƙorin da ya nuna aikin maganin sa barci a Boston a 1846, ya yi rajistar abin da sunansa, amma a 1862 wata kotu a New York ta ce rajistar ba ta da inganci. A 1883 ofishin rajistarsu ya ce hanyoyin yi wa mutum magani ba abin mallaka ba ne, sai kuma a 1954 ya lashe amansa. Ƙofa ta buɗe ke nan.

Wanda ya ballo ruwa likitan ido ne, Samuel Pallin, daga jihar Arizona. A 1992 ya sami rajista a kan wata irin tsaga da ake yi wajen cire yanar ido ba tare da ɗinki ba. A 1993 ya maka wani likita ɗan'uwansa, Jack Singer, a kotu, wai yana amfani da tsagarsa. Ku tsaya ku yi tunani: kana kwance a kan gadon tiyata, likitanka ya san hanyar da ta fi, amma yana lissafin ko lauyan wani zai biyo shi. Ƙungiyar likitocin Amurka ta tayar da ƙayar baya. A 1996 shari'ar ta ƙare Pallin bai ci ba, kuma a shekarar majalisarsu ta yi gyaran doka. Gyaran yana da ban dariya kaɗan: za ka iya yin rajistar hanyar tiyata, amma ba za ka iya karɓar diyya daga likita ko asibitin da ya yi amfani da ita ba. Sai dai kariyar ba ta shafi amfani da na'ura ko maganin da ke da rajista ba.

Turai tun a yarjejeniyarsu ta 1973 suka ce hanyar tiyata ba ta rajistuwa, amma kayan aikin suna yi. Yarjejeniyar cinikayya ta duniya ta 1994, wadda ake kira TRIPS, ta bar wa kowace ƙasa zaɓin ta cire hanyoyin tiyata daga rajista. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi suna ƙarƙashin hukumar OAPI mai hedikwata a Yawunde, kuma yarjejeniyar Bangui da ta kafa ta a 1977 ta cire su ƙarara. Mu a Najeriya har yau dokar 1970 muke amfani da ita, ta zamanin Gowon. Ta hana rajistar irin tsirrai da dabbobi da abin da ya saɓa wa tarbiyya, amma ba ta ambaci tiyata da suna ba. Ƙari a kan haka, ofishin rajistarmu cikar takardu yake dubawa, ba ya binciken ko abin sabo ne, sai in an je kotu. A ganina wannan giɓi ne da ya kamata majalisa ta toshe tun kafin wani mai wayo ya shiga ta nan.

Yanzu kuɗi. Tunda an tsare hannun likita, sai riba ta koma kan ƙarfe. A 2005 kamfanin Medtronic ya amince ya biya wani likitan ƙashin baya, Gary Michelson, dala biliyan 1.35 don a kashe shari'ar da ke tsakaninsu, ya kuma mallaki ƙirƙire-ƙirƙirensa. A 2006 gidauniyar AO ta sayar da sunan Synthes da haƙƙoƙinta a kan kuɗin Suwizalan biliyan 1. A 2012 Johnson & Johnson ya saye kamfanin ɗungurungum a kan kusan dala biliyan 20. Abin da likitoci 13 suka fara ke nan.

Gaskiya da na fara wannan binciken, na shiga ne da fushi, ina neman in ɗora wa Turawa da fatent ɗinsu laifin tsadar ƙarfen ƙanina. Sai abin ya ƙi. Samfurin ƙarfe mai matse karaya da AO ta fitar a 1969, wanda har yanzu ake aiki da irinsa, wa'adin mallakarsa ya ƙare tun kafin a haife ni. Kowa na iya ƙera shi. Kamfanonin Indiya da na China suna ƙerawa, mu kuma muna saye da dala. Sababbin samfura masu kulle sukuru a jikin ƙarfe, e, a nan rajista tana taka rawa. Amma tsohon da zai ɗaga talaka ya taka, babu lauyan da ya tare mana hanya. Abin da ake buƙata ƙarfe ne mara tsatsa mai ingancin shiga jiki, da injina masu aiki daidai, da hukuma mai gwada inganci da gaske. Muna da asibitin ƙashi na Dala a Kano tun 1959, muna da likitocin da suka iya aikin, muna yaye injiniyoyi kowace shekara. Wa zai haɗa su a ɗaki ɗaya, kamar yadda Müller ya nemo Mathys?

Akwai wanda ya bi wata hanyar daban. Lewis Zirkle, likitan ƙashi Ba'amurke, ya kafa ƙungiyar SIGN a 1999. Sun ƙera doguwar ƙusar da ake zurawa cikin ɓargon ƙashi, wadda za a iya sawa ko babu na'urar hoto a ɗakin tiyata, suna ba asibitocin ƙasashe matalauta kyauta, da sharaɗin likita ya riƙa turo rahoton kowane aiki. Abu ne mai kyau, Allah ya saka. Amma kyauta ba ta zama tsarin lafiyar ƙasa.

Su kuma masu ɗorinmu, nasu tsarin mallakar ya girmi duk waɗannan dokoki: sirri da gado. Uba ya koya wa ɗa, ba a rubutawa, ba wa'adin shekara 20. Akwai gwanaye a cikinsu, kowa ya san wanda aka ɗora ya miƙe. Amma in an ɗaure da ƙarfi jini ya tsaya, hannun yaro ya ruɓe har a yanke, babu littafin da za a shigar, balle na gaba ya kiyaye. Kuma mu faɗi gaskiya, da yawa ba imani ne ke kai su can ba, takardar nan ce da likita ke miƙowa.

Ƙanina dai yana takawa yanzu, alhamdu lillahi, har ya koma ƙwallo a ɓoye. Likita ya ce in ƙarfen bai dame shi ba a bar shi. Bashin da muka ci kuwa saura kaɗan mu gama biya.

Wanda aka taɓa sa wa ƙarfe, ko aka yi masa ɗorin gida, ya ba mu labarinsa a ƙasa, har da abin da ya kashe. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.