Yawan ATP da Ƙwayar Halitta Ke Samu Daga Gulukos: Sake Duba Lissafin 38

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ƙwayar halitta ke fitar da makamashi daga gulukos ta zuba shi cikin sinadarin ATP, ta kuma bi diddigin adadin 38 da littattafan makaranta da dama ke bayarwa. Abin da aka gano game da aikin maitokondiriya bai goyi bayan wannan adadi ba. Adadin 30 zuwa 32 ya fi kusa da gaskiya, shi ma ƙiyasi ne.

Gabatarwa

Idan aka ƙona mol ɗaya na gulukos da wuta, yana sakin kimanin kilojul 2,800 a lokaci guda, duk ya tashi a zafi. Ita kuwa ƙwayar halitta daki-daki take warware shi, da taimakon iskar oksijin, har ya koma ruwa da iskar kabon dayoksaid, tana tsintar makamashin kaɗan-kaɗan. Karl Lohmann ya gano ATP a 1929, a 1941 kuma Fritz Lipmann ya bayyana cewa shi ne ke jigilar makamashi tsakanin ayyukan ƙwayar halitta. ATP ba ma'ajiyar dogon zango ba ce, ana ƙera shi ana kashewa nan take. Ajiyar gaske tana cikin gilaikojin na hanta da tsoka, da kuma kitse.

Asalin adadin 38

A matakin farko, wato gilaikolisis, ana raba gulukos gida biyu a wajen maitokondiriya, a samu ribar ATP 2 da NADH 2. Daga nan aikin ya shiga cikin maitokondiriya, inda ake samun ƙarin NADH 2 kafin a kai ga zagayen da Hans Krebs ya fayyace a 1937 a Jami'ar Shefild ta Ingila, yana aiki da tsokar ƙirjin tantabara. Ga kowane gulukos, zagayen na ba da ATP 2, NADH 6 da FADH2 guda 2. Jimilla ke nan ATP 4 ne kawai aka samu kai tsaye. Sauran makamashin yana hannun NADH 10 da FADH2 guda 2, waɗanda ke ɗauke da ilektoron.

Masanan farko sun ɗauka kowane NADH na ba da ATP 3, kowane FADH2 kuma 2. Da aka haɗa 30 da 4 da 4, sai aka samu 38. Lissafin ba shi da aibi. Matsalar tana cikin zaton da aka gina shi a kai, cewa dole adadin ya zama cikakke ba gutsure.

Abin da binciken Mitchell ya sauya

A 1961 Peter Mitchell ya kawo bayanin da masana suka daɗe suna ja da shi kafin ya samu lambar yabo ta Nobel a 1978. A bayaninsa, ilektoron da NADH ya sauke ba su ke ƙera ATP da kansu ba. Yayin da suke bin sarƙar tantanin cikin maitokondiriya zuwa ga oksijin, ana amfani da ƙarfinsu a tura furoton zuwa ɗaya ɓangaren tantanin. Furoton ɗin da suka taru sai su dawo ta cikin enzayim mai ƙera ATP, su juya shi, kamar yadda ruwan da aka tare a madatsar Kainji ke juya injin lantarki. Paul Boyer da John Walker sun samu Nobel a 1997 saboda fayyace wannan juyi.

A nan ne lissafin ya canza. NADH guda na sa a tura furoton 10, FADH2 kuma 6. Ƙera ATP guda da shigo da kayan haɗinsa na cin furoton kusan 4. Saboda haka NADH na ba da kimanin ATP 2.5, FADH2 kuma 1.5, jimilla 32 idan aka haɗa da ATP 4 na kai tsaye. A ƙwayoyin da NADH na gilaikolisis ke miƙa ilektoron ɗinsa ta hanyar giliserol fosfet, adadin na sauka zuwa 30.

Ko wannan ma bai tsaya wuri guda ba. Kowane juyi ɗaya na enzayim ɗin na fitar da ATP 3, amma yawan furoton da juyin ke buƙata ya danganta da girman zoben da ke juyawa: sassa 8 a zuciyar saniya, 10 a yisti. Sannan tantanin na yoyo. A kitse mai ruwan ƙasa na jarirai, da gangan ake barin furoton su dawo ba tare da ƙera ATP ba, domin makamashin ya zama ɗumin jiki. Wannan a ganina shi ne hujja mafi ƙarfi cewa babu adadi guda da ya dace da kowace ƙwayar halitta.

Ɗalibin da ya haddace 38 zai iya cin jarrabawa bai san ana tura furoton ba, alhali a kansa aikin duka ya rataya. Ya kamata masu tsara manhaja da marubuta littattafan kimiyya su koma ga 30 zuwa 32, su kuma koya wa ɗalibai yadda aka kai ga wannan ƙiyasi.