Yadda Sikirin Waya Ya Tashi Daga Inci 3.5 Zuwa Kusan Inci 7

Duba wayar da ke hannunka. In dai ta 'yan shekarun nan ce, da wuya sikirinta ya gaza inci 6. To ka san akwai lokacin da mai riƙe da irin wannan dariya ake masa?

A 2007 da iPhone ta farko ta fito, sikirinta inci 3.5 ne kacal. A 2010 kamfanin Dell ya fitar da Streak mai inci 5, amma ba ta yi kasuwa ba. A shekarar ce ma Steve Jobs, shugaban Apple, ya yi wa manyan wayoyi ba'a, yana cewa ba wanda zai sayi wayar da hannu ba ya iya kamawa.

Sai ga Samsung a 2011 da Galaxy Note mai inci 5.3. Masu sharhi suka yi ta zolaya, amma kafin shekara ta zagayo an sayar da miliyan 10. A 2014 Apple da kansa ya bi sahu da iPhone 6 Plus mai inci 5.5.

Me ya canza? Aikin wayar ne. Da can a kunne take, yanzu ido ne ke cin moriyarta: YouTube, WhatsApp, kallon ƙwallo, karatu, tura kuɗi. Ga mutane da yawa, musamman a nan wajenmu, waya ita ce talabijin, ita ce kwamfuta. Sannan babban jiki yana ɗaukar babban batir. Shi ya sa za ka ga Tecno da Infinix suna haɗa faffaɗan sikirin da batir mai 5000mAh, abin da duk mai fama da rashin wuta ya san darajarsa.

Daga 2017 kamfanoni suka rage baƙin gefen sikirin, suka ƙara masa tsawo. Galaxy S8 ta zo da inci 5.8 a siririn jiki, sai riƙo ya yi sauƙi. Apple ya sake gwada ƙarama da iPhone 12 mini a 2020, amma bayan 13 mini ya daina, ya maye gurbinta da 14 Plus mai inci 6.7.

Saboda haka in ka je sayen waya, kar yawan inci ya ruɗe ka. Daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi, don haka doguwar waya tana iya cin inci da yawa ba tare da faɗin kirki ba. Tambayi tsabtar hoton: babban sikirin mai 720p ba ya fitar da rubutu tas kamar mai 1080p. Sannan ka riƙe ta da hannu ɗaya, ka gwada rubuta saƙo, ka saka ta a aljihu kafin ka biya kuɗinka.