Yadda Tarwaɗa Ta Baro Kogi Ta Tare a Bayan Gida

Mai sauraro, in kana bin kasuwannin kan iyaka, daga Jibiya zuwa Maraɗi ko daga Illela zuwa Ƙonni, ka san yanzu ba wuya ka ga mai baho cike da tarwaɗa tana motsi, alhali babu kogi kusa. Daga tankin siminti ko na tamfol aka kwaso ta, a bayan gidan wani. To, wannan abu bai daɗe ba fa.

Kakanninmu ba su kiwata kifi, jiransa suke yi. Ruwa ya cika fadama da damina, ya janye da kaka, kifi ya maƙale a tafkuna. Sarkin Ruwa ya hana taɓawa sai ranar da ya sa, sannan gari ya fito su. Bikin Argungu, wanda ya samu siffarsa ta yau a 1934, daga wannan al'ada ya tsiro.

Haƙa kududdufi don kifi kuwa zamanin Turawa ya zo da shi. A shekarun 1940 da 1950 aka haƙa dubbai a Kwango ta Beljiyam da maƙwabtanta, a Najeriya kuma aka kafa gonar kifi ta Panyam a ƙasar Filato a 1951. Karfasa suka fi zubawa, don ba ta da tsadar ci. Sai dai karfasa akwai haihuwa. Tun tana ƙarama take fara zuba ƙwai, kafin shekara kududdufi ya cika maƙil da 'yan mitsi-mitsin da ba mai saye. Kai makiyayi ka san wannan: garke ya fi ƙarfin makiyaya, kowace dabba sai ta rame. Maganin da aka samo shi ne a saka mata maci, wato a jefa 'yan tarwaɗa ko giwan ruwa su riƙa rage 'ya'yan, waɗanda suka tsira su yi ƙiba. Ka ga ke nan da farko aikin gadi aka ɗauko tarwaɗa ta yi.

Sai mai gadi ya fi mai gida daraja. Tarwaɗa na da wata gaɓa a saman kai da take shaƙar iska da ita, shi ya sa take rayuwa a ruwan da zai kashe karfasa, take jure cunkoso, take isa kasuwa da ranta. Matsalarta ɗaya: ba ta yarda ta haihu a tsare. Sai ruwan damina ya malale cikin ciyawa take zuba ƙwai. A farkon shekarun 1970 masu bincike a Bangi, Afirka ta Tsakiya, suka soma gano hanya, daga baya na jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan suka kyautata ta: a yi wa macen allura, a matse ƙwan, a haɗa da maniyyin namiji a kwano. Daga nan aka samu 'ya'yan kifi kowane wata, ba sai an jira damina ba.

Dabarar ta zo daidai lokacin da ruwa ke ƙaura. Tafkin Chadi, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, farin 1973 da na 1984 suka tsotse shi har ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma. Giwan ruwa mai son ruwa mai zurfi ya yi ƙaranci, tarwaɗa da karfasa suka mamaye fadamar da ta rage. Sannan a 2015 rikicin Boko Haram ya tsayar da Baga, hukumomin Nijar suka hana cinikin kifi a yankin Difa. Fataken banda sun san abin da wannan ya yi wa aljihunsu. Yau Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen kiwon tarwaɗa, kuma kaso mai yawa daga hannun ƙananan masu tanki yake fitowa.

Amma tsarewa ba ta sauya mata hali ba. Ka zuba dubu masu kai ɗaya, bayan mako biyu za ka ga wasu sun zarce sa'o'insu girma. Waɗannan su ne ɓarayin cikin gida, 'yan'uwansu suke haɗiyewa. In ba ka tace su kana ware manya daban ba, ranar kwasa za ka ƙirga ka rasa inda sauran suka shiga. Abinci ne ke cinye mafi yawan jarin, yunwar kwana ɗaya kuma tana ƙara musu cin juna. Daren ruwan sama tana iya fita ta ja ciki a ƙasa, saboda haka bakin tanki na son tsawo ko raga. Giwan ruwa kam, a ganina, kada ma ka fara: kifin da kan wuce kilo 100, mai son ruwa mai iska da ɗanyen kifi kullum, ba na bayan gida ba ne.

Shi wannan giwan ruwa, ɗan gida ne a Kwara da Binuwai da Chadi, kifayen nan sun san shi, sun san yadda za su kauce masa. A shekarun 1950 aka ɗauke shi aka zuba a Tafkin Biktoriya, tsakanin Yuganda da Kenya da Tanzaniya, inda ba a san shi ba. Ya yi shiru shekara ashirin da wani abu, sai a shekarun 1980 ya cika tafkin, ƙananan kifaye wajen iri 200 suka ɓace. Tarwaɗarmu ma da aka kai Indiya ta tsere cikin koguna tana cinye na can, har gwamnati ta haramta kiwonta. Don haka in ambaliya ta kusa, ko ka gaji da kiwon, ka kwashe ka sayar ko ka yi banda. Yawancin ta tanki iri ce da aka zaɓo don saurin girma, kada ka juye ta a tafkin da gari ke su, dabbobi ke sha.