Yadda Na'urori Ke Taimakawa Wajen Farfaɗo da Hannun da Ya Shanye

Shanyewar ɓarin jiki tana faruwa ne idan jini ya daina isa wani sashe na ƙwaƙwalwa, sakamakon toshewar jijiya ko fashewarta. Da yawa daga cikin waɗanda suka tsira sukan dawo da tafiya, amma hannu da yatsu su ƙi komawa daidai, har riƙe cokali ko sanya maɓallin riga ya gagara.

Jinyar hannun ta dogara ne a kan wata baiwa da ƙwaƙwalwa ke da ita: sassanta masu lafiya suna iya karɓar aikin sashen da ya lalace, muddin aka yawaita maimaita motsin. Wani bincike a Amurka da Kanada a 2009 ya gano cewa majinyaci yakan maimaita motsin hannu kusan sau 32 kacal a zaman gashi ɗaya. Wannan giɓi ne na'urori suka zo cikewa.

Fitacciya a cikinsu ita ce MIT-Manus, wadda Neville Hogan da Hermano Krebs suka ƙera a cibiyar fasaha ta MIT. Majinyaci yana riƙe mariƙinta yana bin alama a allon kwamfuta. Idan hannun ya gaza, na'urar ta ƙarasa masa. Da ita ana yin motsi sama da 1,000 a cikin sa'a guda.

Akwai kuma na'urar da ke aika ɗan ƙaramin lantarki zuwa tsoka ta fata domin yatsu su buɗe. A 2021 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Vivistim, wadda ake dasawa a ƙirji, tana zaburar da wata jijiyar wuya yayin atisaye.

Sai dai gwaje-gwaje sun nuna iyakar na'urorin. A gwajin da aka wallafa a 2010 kan tsofaffin sojojin Amurka 127, na'urar ba ta fi atisaye mai yawa da ƙwararre ya jagoranta ba. A Birtaniya ma, gwajin RATULS na 2019 kan mutum 770 bai samu ta fi kulawar da aka saba ba wajen dawo da aikin hannu.

Ke nan abin da ke kawo sauƙi shi ne yawan atisaye mai manufa, kuma ana iya samunsa da kayan aiki masu araha. Misali shi ne madubi: a ɓoye hannun da ya shanye a bayansa, a riƙa motsa mai lafiyar ana kallon hotonsa, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka mai rauni ne ke motsi.

Mafi yawan sauƙin yakan samu ne a watanni uku na farko, don haka likitoci ke jaddada fara gashi da wuri a hannun ƙwararre mai rajista.