Akwatin Gawa a Ƙofar Shugaban Ƙasa

A wannan mako za mu waiwayi wata irin fasaha da ba ruwanta da alƙalami. Mai ita yakan ɗauki wani abu ya girke shi a wurin da ya zaɓa, sai abin da wurin su haɗu su yi magana. Misalin da ya fi kowane amo a Nijeriya a Legas aka yi shi, amma zarensa ya iso har Sakkwato.

Ranar 18 ga Fabrairu, 1977, sojoji kusan dubu suka afka gidan mawaƙi Fela Kuti, wanda yake kira Kalakuta, suka banka masa wuta. Mahaifiyarsa, Funmilayo Ransome-Kuti, tsohuwar 'yar gwagwarmayar mata ta Abeokuta, ta taga aka jeho ta. Ba ta sake samun lafiya ba har ta rasu a Afrilun 1978. Binciken gwamnati ya ɗora laifin a kan sojan da ba a san ko wane ne ba. Kowa ya gane an binne maganar ke nan.

Fela ya jira sai da Janar Obasanjo ya zo dab da miƙa mulki a 1979. Sannan shi da mutanensa suka ɗauki akwatin gawa da sunan na mahaifiyarsa ne, suka kai barikin Dodan, fadar shugaban ƙasa ta lokacin, suka ajiye. Mu nan makara da likkafani muka sani, to mu ƙaddara an wayi gari da makara a ƙofar fada. Babu mai buƙatar tafinta. A ganinmu, da a gidan rawa ya ajiye akwatin, da katako ne kawai. Ƙofar da ya zaɓa ita ta mayar da shi tuhuma.

Wanda ya gaji barikin ranar 1 ga Oktoba namu ne, Alhaji Shehu Shagari, tsohon malamin makaranta, marubucin waƙa kuma, mai Waƙar Nijeriya. Shekara huɗu da wata uku ya yi, soja suka kawar da shi ranar 31 ga Disamba, 1983. A Agustan 1985 Babangida ya ture Buhari.

Wannan juye-juyen bai bar birnin Shehu ba. Da Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya rasu a Nuwamban 1988, bayan shekara hamsin a kan karaga, jama'a sun sa rai da ɗansa Muhammadu Maccido, sai aka ji an sanar da Ibrahim Dasuki. Gari ya kama da wuta, aka yi kwanaki ana tarzoma, aka rasa rayuka. Fushin nan bai gaza na Fela ba, sai dai ya fita ne ta hayaƙi da kalmomi uku: ba mu so. Hayaƙin ya washe, kalmomin suka zauna a bakin mutane. Har yau dattawan Sakkwato na iya nuna maka inda suke tsaye a ranar, amma abin da za su ba ka labari ne, ba wani abu da za ka je ka kalla ba.

A Afrilun 1996 gwamnatin Abacha ta tuɓe Dasuki, aka naɗa Maccido. Soja suka ɗora, soja suka sauke.