Girgijen Abijan, Gonar Maradi

Ɗan kasuwar da ke sayar da wayoyi a Black Market ta Ajame yana da sama biyu da yake dubawa. Ɗaya tana bisa rumfarsa, ɗaya tana bisa gonar da ya baro a Maradi ko Tawa. Wannan ne ya sa na ga ya dace mu waiwayi tarihin hasashen ruwan sama daga nan Abijan.

Kakanninmu fataken goro ba su jira kowa ya faɗa musu ba. Ayari yakan tashi da rani, ya yi ƙoƙarin komawa kafin rafuka su cika. Malamai suna lissafin taurari, manomi yana duban Kaza da 'Ya'yanta, yana sauraron juyawar iska daga gabas zuwa kudu maso yamma. Lissafi ne mai amfani, amma lokacin damina yake nunawa, ba yawanta ba.

Fari ne ya canza al'amarin. Bayan yunwar farkon shekarun 1970 aka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974. Daga baya ACMAD ta zo, ita ma a Yamai take. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, taron farko na hasashen damina na Afirka ta Yamma, PRESAO, a Abijan aka yi shi, a watan Mayun 1998.

Abin da masanan suka dogara da shi teku ne. Idan ruwan tekun Gini ya yi ɗumi fiye da yadda aka saba, girgije yakan daɗe a gaɓar teku, ya yi nawar hawa arewa. Sai Tireshbil ta cika da ruwa, gero a Sahel yana jira. Ba kullum hakan ke faruwa ba, don tekun Pasifik ma yana da nasa hannu, amma ya isa ya sa mai rumfa fargaba ta fuska biyu: kaya su jiƙe a nan, a kuma aiko neman kuɗin hatsi daga gida. Ka tuna, ruwan watan Yuni kaɗai a Abijan yakan yi kusa da abin da Maradi ke samu a shekara.

Inda hasashen ke da rauni har yau shi ne dare guda. A daren 18 zuwa 19 ga Yunin 2018 ruwa ya sauka a Abijan, mutum kusan 20 suka rasu. Hasashen wata uku ba ya gaya maka wace unguwa ce za ta nutse, kuma a ganina kwatar da shara ta toshe ba laifin girgije ba ce.

Yanzu hukumar SODEXAM tana fitar da gargaɗi, yana shiga wayoyin da ake sayarwa a Ajamen. Da Faransanci yake zuwa, sai wani yaron shago ya mayar da shi Hausa a saƙon murya na WhatsApp.